Shekarar da Babanku Ya Ari Bakin Mutanen Fim

Bilkisu da Nura, kun sha tsokanata a kan tsofaffin finafinan nan marasa launi, na mutane masu dogayen kwat da huluna, waɗanda kowa a cikinsu yake ɓoye wani abu. Kuna mamakin yadda tsohuwa irina, da carbi a hannu, take zama ta kalli 'yan fashi da masu bincike har ƙarshe, leɓenta yana motsi tare da nasu. Kuna yara lokacin da abin ya faru. Kun ga wani ɓangare, wani kuma sai da aka kore ku ɗaki kafin a yi shi. Yau zan faɗa muku shi gaba ɗaya, har da wurin da ni kaina ban fito da kyau ba.

Babanku mutumin magana ne, da ita ma yake ci da mu. Bayan ya gama karatun jami'a a unguwar Bloomsbury ta Landan sai ya zauna yana koya wa Turawa Hausa rabin mako, sauran kwanakin kuma yana tafinta a kotu da asibiti. Ni na biyo shi daga Zariya da Turancin da bai wuce na gaisuwa da sayen albasa ba, kuma ban damu in ƙara ba, tunda duk inda magana ta taso shi ne bakina. Muna zaune a flat ɗinmu, ɗan gidan sama a unguwar Catford, saman shagon wanki, inda ƙasan ɗakin yake ɗumi ko da sanyi ya tsananta. Ranar Asabar bayan azahar ba a taɓa masa talabijin. Lokacin ne ake saka waɗannan finafinai, kuma ya san mafi yawansu tun yana saurayi, lokacin da yake satar hanya zuwa silima, wansa Alhaji Garba yana kamo shi yana zane shi. Yakan riga mutanen fim ɗin faɗin maganarsu, da muryarsu, har da ɗage gira. In na shigo da shayi sai ya riƙe ni da surutu, ya ce in saurari yadda suke yi: ba mai faɗin abin da ke ransa, amma kowa ya gane, in an yi tambaya, a amsa da wata tambayar, mace ta yi murmushi ta faɗi kalma huɗu, namiji ya rasa inda zai sa kansa. Ya ce habaicin matan gidanmu ne aka sa wa hula. Ni kuwa nakan ce maƙaryata ne masu shan taba, in ajiye kofin in fita.

Wata safiya yana sunkuye a bakin ƙofa yana ɗaure takalmi zai tafi kotu, sai na ji faɗuwarsa. Shanyewar ɓarin jiki ce, ta dama. Ya yi makonni a asibiti, aka dawo mana da shi a keken marasa lafiya, hannu a lanƙwashe, baki ya ɗan karkace. Ƙafar da hannun ban ji tsoronsu kamar maganar ba. Mutumin da alƙalai suke jira ya buɗe baki ya koma ba ya iya cewa a ba shi ruwa. Abin da ya rage masa kalma ɗaya ce, eh, kuma da ita yake amsa komai. Abin mamaki, in an ta da salla Fatiha tana fitowa daga bakinsa cif, haka ƙirge daga ɗaya zuwa goma. Amma ka nuna masa cokali ka ce mene ne wannan, sai ya dube shi, ya dube ka, gumi ya keto masa. Asibiti suka haɗa mu da mai koyar da magana, wata 'yar Jamaika mai haƙuri da muke kira Sista Polin. Tana zuwa sau biyu a mako da katunan hotuna, kofi, mabuɗi, kyanwa. Ya jure mata wata guda, rannan ya sa hannun hagu ya watsar da katunan ƙasa, ya juya fuska bango. Daga nan in ta zo sai ya rufe ido.

Wata Asabar ana ruwa ina guga a falo, gidan ya yi shiru da yawa, sai na kunna talabijin don kawai in ji motsin mutane. Aka yi dace ɗaya daga cikin finafinansa ne. An nuno wani attajiri ya miƙa wa mai binciken ambulan cike da kuɗi don ya janye daga abin da yake tonowa. Kafin mai binciken ya buɗe baki, sai na ji amsar ta fito daga bayana, da Turanci, doguwar jimla, ba inda ta karye. Bayan daƙiƙa ɗaya mutumin fim ɗin ya maimaita ta daidai. Na juya. Babanku yana kallon talabijin, shi ma idonsa a buɗe kamar wanda ya ji wani ya yi magana a cikin rigarsa. Ban san na bar dutsen guga a kan rigar makarantar Nura ba sai da ƙauri ya tashi.

Da Sista Polin ta zo na kwatanta mata da hannu da guntun Turancina. Ta ce in saka mata fim, ta zauna ta gani da idonta. Ta yi mini bayani a hankali, Bilkisu tana fassarawa: abin da mutum ya haddace ba wuri ɗaya yake zaune da maganar yau da kullum ba, shi ya sa Fatiha ta tsira, shi ya sa wannan ma ya tsira. Ta ce ba ta yi mini alkawari ba, amma wani lokaci akan bi ta nan a farfaɗo da sauran. Ta ce aiki ne na kullum, kuma ita sau biyu kawai take zuwa. Na ce ni kullum ina nan.

Na bi shagunan tsofaffin kaya na Catford ɗaya bayan ɗaya, duk faifan da na ga hula da bindiga a bangonsa, mara launi, in ɗauko. In kawo in jera masa, wanda ya sani sai ya buga shi da yatsa. Na samu littafin rubutu, ina dakatar da fim ina rubuta abin da kunnena ya ji da baƙaƙen Hausa. Bilkisu, kin tuna dariyar da kika yi ranar da kika buɗe littafin, kafin ki zauna ki gyara mini shafi uku. Yadda muke yi shi ne, in saki maganar ta tafi, in tsayar kafin kalmar ƙarshe, shi ya cika. In ya saba, sai in kashe talabijin, ni in zama ɗayan mutumin, in jefa masa farkon zancen ya mayar mini. Haka na zama matar attajiri mai ƙarya, na zama ɗan sanda mai cin hanci, na zama direban 'yan fashi, duk da zanena da ɗankwalina, tukunya tana kan wuta. Daga jimla muke ciro kalma: ƙofa, taga, ruwa, zauna, gobe. Wata kalmar mu yi mako muna binta. Wata ranar ya samu uku, washegari ya tashi babu ko ɗaya, ya yi ta dukan hannun kujera. In bar shi ya huce, in dawo in sake kunnawa.

Ranar da ya fara amfani da maganar fim da kansa kuna nan. Nura ya shigo daga makaranta ya bar ƙofa a buɗe, iska tana shigowa, sai babanku ya ɗaga kai, da muryar wani shugaban 'yan daba, ya ce masa ya rufe ƙofar nan ya nemi wuri ya zauna, ba mai fita sai ya gama magana. Nura ya rufe ya zauna a ƙasa da jakarsa a baya. Muka yi dariya har da hawaye, shi ma yana yi da rabin bakinsa. Ni ma Turancin ya shige ni ban sani ba, sai dai irin nasu ne. Da na je council, ofishin ƙaramar hukumarmu, neman a kafa masa ƙarfen riƙewa a banɗaki, matar ta ce in dawo wani makon, na ce mata na ji wannan waƙar a baya kuma ban yi rawa ba. Ta cire tabarau ta tambaye ni a ina na koyi Turanci. An zo an kafa ƙarfen.

Ana cikin haka Baffanku Alhaji Garba ya iso daga Zariya. Ina so ku san shi yadda yake, ba yadda kuka tsinta a fuskata ba. Shi ya riƙe babanku tun rasuwar mahaifinsu, shi ya sai da gonarsa ya tura shi karatu. Da ya shigo ya gan shi a kujera, ya durƙusa ya riƙe ƙafarsa ya yi kuka kamar yaro. Kwana uku shi yake ba shi abinci a baki. A rana ta huɗu ya fito daga ɗaki ya same mu muna aikinmu, a talabijin wata mata tana busa hayaƙi a fuskar wani namiji, ni kuma ina maimaita maganarta. Ya juya ya koma. Bayan la'asar ya kira ni ya ce ya zo ne ya tafi da ƙanensa gida. Ya ce a can akwai dangi, akwai malamai, akwai rana. Ya ce mutumin da ƙafarsa ɗaya take kusa da kabari, Alƙur'ani ya kamata a cika masa kunne da shi, ba zancen mashaya ba. Na ce ana saka masa karatu safe da yamma, wannan kuma magani ne. Ya ce bai taɓa jin maganin da ake sha ta talabijin ba.

Ya tara mutane ranar Lahadi. Dakta Ilyasu ya zo daga unguwar Abbey Wood, wanda a lokacin shi ne babba a cikin 'yan Arewa da muka sani, da wasu dattawa biyu. Ku aka tura ɗaki. Ni na kawo ruwa na tsaya a bakin ƙofar kicin, don ba a ce in zauna ba. Baffanku ya yi bayani mai kyau, har ni sai da na ji jikina ya yi sanyi. Dattawan suna gyaɗa kai. Sai ya juya ya dafa gwiwar babanku, ya kira shi da sunan da ni ba na faɗa.

"Usmanu, za ka bi ni gida?"

"Eh," in ji babanku.

"To, kun ji da kunnenku."

Na san abin da zan yi zai yi ciwo, kuma na yi. Na ajiye tiren, na shigo tsakiyar maza na durƙusa a gabansa.

"Malam, yau Juma'a ce?"

"Eh."

"Yau Talata ce, Malam?"

"Eh."

"Yaya Alhaji ƙanenka ne?"

"Eh."

Babanku ya gane abin da ya faru, domin hankalinsa bai taɓa tafiya ba, bakin ne kawai. Ya dube ni, hawaye suka zubo masa. Mutumin da waɗannan dattawan suke kawo wa takardunsu ya duba musu, ni matarsa na tsiraita shi a gabansu. Har yau in na tuna kallon nan sai na ajiye abin da ke hannuna. Baffanku ya ce, a hankali, ashe rashin kunyata ta kai nan. Na ce ya gafarce ni, amma ba za a ɗauki mutum a raba shi da masu yi masa magani a kan kalmar da ba shi yake zaɓenta ba. Na ce a ba shi lokaci, yana da wata hanyar amsawa.

Muka jira. Babanku yana ta motsa baki, yana damƙe hannun kujera, jijiyar wuyansa ta tashi. Ban taimaka masa da ko harafi ba, na sunkuyar da kai don kada a ce ni na sa masa. Can sai ga amsar, da Turanci, da muryar nan mai kaushi. Na san fim ɗin. Wani ne da manyan gari suka ba wa tikitin jirgin ƙasa suka ce ya bar musu garin kafin safiya, shi kuma ya ba su amsa. Baffanku ya dubi Dakta Ilyasu.

"Me ya ce?"

"Ya ce ya gode da tikitin, amma yana da aikin da bai gama ba a garin nan."

"Maganar aku ce," in ji Baffanku. "Abin da ta cusa masa ne yake mayarwa."

"Yaya, jimla ta fi ɗari a kansa," na ce. "Wannan ya ɗauko."

Dakta ya ce shi a matsayinsa na likita ba zai rantse ba, amma a ganinsa ba dace ba ne kawai, zaɓen jimlar ya yi. Sauran biyun suka ce a dai bi maganar babba. Baffanku ya miƙe ya ce in kawo fasfon ƙanensa. Ban taɓa musa masa ba tun da aka kawo ni gidansu, ko ido ba na haɗawa da shi. Na ce fasfo yana hannuna kuma ba zan bayar ba.

"Hadiza, in ya mutu a nan, ke kika binne shi a ƙasar wasu."

"Na ɗauka, Yaya."

A ranar ya kwashe kayansa ya koma gidan Dakta, bayan kwana biyu ya tashi. Ya zo ya yi wa ƙanensa sallama ina kasuwa, da gangan. Bai ƙara yi mini magana ba har ya bar duniya. In ya bugo waya na ɗauka, sai ya yi shiru har in kai wa babanku kan wayar a kunne. Labari ya bazu a Zariya, cewa na riƙe musu ɗan'uwa don daɗin Landan, na hana shi addu'ar gida ina kunna masa silima. Matan da muke zumunci da su a nan ma wasu suka ja baya. Shi kansa babanku ya yi kwana tara ba ya kallon inda nake. In na kawo abinci sai Bilkisu ta karɓa ta ba shi. A rana ta goma na ɗauko littafina na zauna a gabansa na jefa masa farkon wata magana. Ya kau da kai. Na sake. Na ce masa da Hausa ko zai yi fushi da ni shekara, aikin nan sai mun yi shi. A karo na huɗu ya amsa, yana kallon taga.

Maganarsa ta dawo, ba duka ba, kuma ba da sauri ba. Turancin ne ya fara, guntu-guntu, sannan Hausar ta biyo baya, kamar tana jin nauyin fitowa. Bai sake tafinta ba, bai sake koyarwa ba. Amma ya kai yana cewa a'a in ba ya so, yana kiran sunayenku, yana faɗin inda yake masa ciwo, yana yi wa Nura faɗa a kan salla. Bilkisu, ranar ɗaurin aurenki shi ya ce ya bayar, da bakinsa, bayan mun yi wata biyu muna bitar jimlar a kicin.

Ga abin da ban taɓa faɗa muku ba. Da ya samu bakin da zai iya, na tambaye shi ko ranar nan da gaske yake, ko kuwa jimlar ce kawai ta faɗo.

"Ina son gida," ya ce. "Ina son magana. Ban iya biyu ba."

Iyakar abin da na samu ke nan, kuma ban sake tambaya ba. Muna shirin kai shi Zariya ziyara a shekara ta uku, likitoci sun yarda, sai aka bugo cewa Baffanku ya kwanta ciwon kwana biyu ya rasu. Ba su sake ganin juna ba tun sallamar da aka yi ina kasuwa. Ni na faɗa wa babanku. Bai zarge ni ba, ko da ido, ya dai ce a fasa tafiyar, ba wanda zai je ya gani. Ya ƙara shekara huɗu, sannan ciwon ya dawo ya ɗauke shi, muka binne shi a nan kamar yadda aka faɗa mini. Na auna abin nan ta kowace fuska a shekarun da na yi ni kaɗai. Da za a mai da ni falon nan, fasfon ba zan bayar ba. Amma da na bi Yaya gidan Dakta a daren farko ko washegari, na durƙusa na ba shi haƙuri a kan yadda na yi, ko da ba a kan abin da na yi ba. Girman kai ya hana ni, na kira shi riƙon gaskiya.

Watan jiya Kabiru, babban ɗan Baffanku, ya bugo mini. Zai aurar da 'yarsa bayan Sallah, ya ce yana so iyalin ƙanen mahaifinsa su zo. Daga yadda yake magana na san ba kowa ne a gidan ya yarda ya kira ba. Na ce za mu zo, kuma na riga na yi mana booking na jirgi mu uku, don haka kada wanda ya kawo mini zancen aiki. Za ku zauna inda aka ajiye ku, ku ci abin da aka ba ku, ku amsa gaisuwa da Hausa ko da tana karyewa. In wata tsohuwa ta jefo magana a kaina, ba ruwanku, ni zan amsa. Nura, kai kuma washegarin isarmu za ka bi Kabiru maƙabarta ya nuna maka inda Baffanka yake. Ka tsaya a madadin babanka, ka yi masa addu'a, kada ka yi gaggawar tafiya.